Ƙofar Ɗakin Baya

Ni na cire sarƙar. Gara in faɗa tun yanzu, don har gobe akwai masu zama a shagon shayin bakin tashar jiragen ruwa suna cewa Nevzat Abi ne ya cire ta da ya fara ruɗewa. Ƙarya suke yi masa. Ni ne, Ferit, da hannuna, ranar wata Litinin da gidan tarihin yake rufe.

Mu shida ne masu zagayawa da baƙi a cikin jirgin ƙarƙashin ruwan nan, duk tsofaffin sojan ruwa, aikin sa-kai muke yi. Jirgin ya girme mu gaba ɗaya. An ƙera shi lokacin yaƙin duniya na biyu, ya yi yaƙinsa a wani tekun, daga baya ya zo hannun rundunarmu, da ya gaji aka ɗaure shi a gaɓar garinmu aka ce jama'a su zo kallo. Baƙi suna shiga ta murfin gaba, su bi ɗaki bayan ɗaki, su fita ta murfin baya. Tsakanin kowane ɗaki da na kusa da shi akwai ƙofar ƙarfe mai kauri, da abin murzawa a tsakiyarta kamar sitiyarin mota. In ka rufe ta ka murza, ko iska ba ta wucewa, balle ruwa.

Da aka kawo mana sabuwar shugaba, Nermin Hanım, wato Malama Nermin, sai ta sa aka ɗaure ƙofofin nan duka a buɗe, da sarƙa da kwaɗo. Wai kada ƙofa ta datse wa wani yatsa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Yaya za ka nuna wa mutum jirgin ƙarƙashin ruwa alhali ƙofarsa ba ta rufuwa? Me ya rage, gadaje da tukwane? Na same ta a ofis na gaya mata. Ta saurare ni da murmushin nan da ake yi wa tsofaffi, ta ce, "Ferit Bey, ka sha shayi?" Shi ke nan amsar.

To, sai na zaɓi ƙofa ɗaya, ta ƙarshe, mai shiga ɗakin baya. Na fasa kwaɗon, na shafe ta da giris har ta koma tana juyawa da yatsa biyu, sannan na rataya sarƙar yadda in ba ka taɓa ba za ka rantse a kulle take. Na yi ne saboda Nevzat Abi, don ɗakin baya nasa ne.

Nevzat ya ba ni shekara tara, shi ya sa nake ce masa Abi, wato yaya. Dogo ne, mai manyan kunnuwa, ba ya son surutu, amma in ya tsaya a bakin ƙofar nan ya fara bayani, ko 'yan makaranta masu tsiya sai su yi tsit. Kullum kalmominsa ɗaya ne. "Idan ruwa ya shigo, ka rufe. Ko ɗan'uwanka ne a baya, ka rufe. Ba ka buɗewa don an buga. Ba ka buɗewa don an yi kuka. Sai an kira ka a waya an ce maka ɗaki a bushe yake." Baƙi sukan yi 'yar dariyar tsoro. Shi ba ya yi, mu ma da muka san dalili ba ma yi.

Shekara arba'in da shida da suka wuce, a wani jirgin daban, kafin ni in shiga aiki, bututu ya fashe suna can ƙasa. Nevzat ya rufe ƙofa kamar yadda aka koya masa. Mutum talatin da wani abu suka tsira. Mutum ɗaya ya rage a bayan ƙofar, Hulusi, abokinsa tun suna yara a unguwa ɗaya. Iyakar abin da kowa ya sani ke nan, don Nevzat bai taɓa ba da labarin ranar ba. Labaran Hulusi na dariya kawai yake bayarwa in muna shan shayi: yadda yake satar zaitun a kicin, yadda bai taɓa kiran sa Nevzat ba sai Kunnuwa. "Kunnuwa, matsa, ka tare mini iska."

A bazarar bara na fara ganin alamu. Wata rana na miƙa masa shayi ya ce, "Na gode, Hulusi." Na ce suɓutar baki ce. Bayan sati biyu na ji shi yana gaya wa wasu baƙi su cire takalma su yi shiru, wai jirgin abokan gaba yana sauraron mu daga sama. Suka ɗauka wasa ne cikin shirin, suka cire suna ƙyalƙyala dariya. Ni kuwa na ga idonsa, ba wasa a ciki. Sannan wata safiya na iske shi shi kaɗai a ɗakin baya, ya manna kunne a jikin ƙarfe, leɓɓansa suna motsi. Na ce, "Abi, lafiya?" Ya ɗaga mini hannu alamar in yi shiru. Sai da ya ɗauki lokaci kafin ya juyo ya gane ni, ya ce, "Ferit. Yau wace rana ce?"

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma abin da na fi tsoro shi ne a sauke shi daga jirgin. Tun da matarsa ta rasu ba shi da wani wurin zuwa. Ƙarfe bakwai na safe yana bakin tasha da hularsa a goge, yana jiran a buɗe. Ya taɓa ce mini, ba cikin raha ba, "Ranar da aka sauke ni daga jirgin nan, ku je ku fara haƙa." Saboda haka na rufa masa asiri. Na canza ranakun aikina suka zama ɗaya da nasa. In ya ɓata a tsakiyar bayani sai in karɓe da barkwanci.

'Yarsa Gülten, wadda take kirana Amca, wato baffa, ta tare ni a gaban masallaci. Ta ce, "Ferit Amca, don Allah ka gaya mini gaskiya, yaya Baba yake a jirgi? Shekaranjiya ya sa takalminsa a cikin firji."

Na ce, "Haba Gülten! A jirgi garau yake, ya fi ni ma. Jirgin ne maganinsa."

Ta dube ni ta daɗe. Na dubi ƙasa.

Nermin Hanım ma ta tambaya, na yi mata irin wannan ƙaryar, har da ɗaga murya. Kuma duk wannan lokacin ban mayar da kwaɗon ba. Sau biyu ina sayen sabo in sa a aljihu. In na je sai in tarar da shi yana shafa ƙofar da tsumma, sai in kasa.

Ranar da abin ya faru Laraba ce. Tun safe iskar kudu, lodos, take kaɗawa, irin wadda ke sa ciwon kai da faɗa tsakanin miji da mata. Teku ya yi launin toka, jirgin yana jan igiyoyinsa yana kuka. Can gefe akwai wani jirgin dakon yashi da aka ɗaure tun sati guda, na lura yana rawa fiye da kima, amma na ce ba aikina ba ne. Bayan azahar Nermin Hanım ta ce a rufe da zarar baƙin ƙarshe sun fita. Su uku ne: wasu ango da amarya, sai wata dattijuwa, Sabahat Hanım, tsohuwar malamar makaranta mai baki kamar reza.

A bakin shiga muke karɓar jakunkuna, don murfin ƙarami ne. Da ƙyar Sabahat Hanım ta ba da tata. "In wani abu ya ɓata a ciki, kai zan kama, mai gashin baki."

Na ce, "Hanım, mun riƙe bama-bamai shekara ashirin ba mu ɓatar da ko ɗaya ba."

"Wa ya ƙirga?" in ji ta.

Na zagaya da su har ɗakin baya na miƙa wa Nevzat. Ranar ya tashi shiru-shiru, ko simit, burodin riɗin da na kawo masa, bai taɓa ba. Yana fara bayani sai Sabahat Hanım ta soma tari. Warin man jirgi ne, ba kowa ke jure shi ba. Ta ce tana da asma, abin shaƙarta yana cikin jakar da na ƙwace mata. Na ce bari in ɗauko. Na dubi Nevzat, na ga yana magana daidai, na ce minti uku ne kawai. Na bar su.

Ina dawowa da jakar, na kai ɗakin injuna, sai na ji wata irin ƙara da ban taɓa ji ba tun da na bar aiki. Jirgin gaba ɗaya ya yi tsalle gefe. Na buga kafaɗa a jikin inji. Fitilu suka ɗauke. Jirgin yashin ne ya tsinke igiya ya daki bayanmu, amma lokacin ban sani ba. Abin da na ji a cikin duhun nan shi ne muryar Nevzat, ba muryar tsoho ba, muryar saurayi mai ƙarfi, yana ihu, "Karo! Karo a baya! A rufe ƙofofi!"

Sai ƙarar sarƙa tana faɗuwa ƙasa. Sai ƙofa ta ce dum. Sai na ji sitiyarin yana juyawa, sumul, babu ko ƙara, saboda giris ɗin da na shafa da hannuna.

Na kunna tocila na ruga. Na kama sitiyarin ta ɓangarena na murɗa, ko motsi bai yi ba. Ya soka sifana ta ciki ya maƙale shi, yadda ake yi in ana tsoron wani ya buɗe cikin firgici. Na fita da gudu in zagaya ta murfin baya. Wayyo Allah. Gadar ƙarfen da baƙi ke sauka ta kanta ta karye ta kwanta a kan murfin, ta danne shi. Mutum goma ba za su ɗaga ta ba.

Kafin in koma ciki Nermin Hanım ta riga ni, ita da mai gadi, suna dukan ƙofar da hannu da ƙafa. "Nevzat Bey! Buɗe! Ka buɗe mana!" Ta ciki kuma ana jin angon yana ihu sama-sama, amaryar tana kuka. Tarin Sabahat Hanım ne ban ji ba, shi ya fi tayar mini da hankali.

Nermin Hanım ta juyo ta haska ni. "Ƙofar nan a kulle take da kwaɗo. Yaya aka yi ta rufu?"

Na ce, "Ni ne. Anjima ki kashe ni. Yanzu ku daina bugawa."

"Mu daina? Akwai mutane a ciki!"

"Na ce ku daina! Duk bugun da kuka yi ƙara gaya masa kuke ruwa ya cika nan. Ba zai buɗe wa mai bugu ba, haka aka koya mana."

Ta kira 'yan kwana-kwana. Suka ce suna hanya, amma yanka ƙarfe mai wannan kaurin ko ɗaga gadar zai ci awa biyu. Na'urar da ke tura iska cikin jirgin ta mutu tare da wuta. Mai lafiya zai iya jure awa biyu a ɗakin nan. Matar nan ba za ta iya ba, kuma maganinta yana hannuna, a cikin jaka mai furanni.

Akwai wayar jirgi a kowane ɗaki, tsohuwa, wadda ba ta buƙatar wuta, sai dai ka murza hannunta ta yi ƙara a can. Mu muka gyara ta don nuna wa baƙi. Na ɗauka na murza. Sau ɗaya ta yi ƙara aka ɗauka.

"Ɗakin baya." Muryarsa a natse, kamar ba abin da ke faruwa.

"Abi, ni ne Ferit. Ba ruwa, wallahi ba ruwa. Muna gaɓa, a gidan tarihi. Ka buɗe."

"Wane Ferit? Ba mu da Ferit a jirgin nan. Sauka daga kan layi."

Ya ajiye. Gaskiyarsa ne, a shekarar da yake ciki yanzu ni ina makaranta.

Na sake murzawa. Na kumbura murya na ce kwamanda ne ke magana, a buɗe ƙofa. Ya ce, "Kwamanda ba ya kira daga ɗakin nan. Wanda yake cikin ɗakin ne zai ce mini a bushe yake." Ta bayansa na ji angon yana cewa, "Baba, don Allah, matar nan ta faɗi, bakinta ya yi shuɗi." Na ji Nevzat ya ce masa, "Zauna, yaro. Ka rage numfashi. Ina da mutum uku a nan, ba zan kashe su ba."

Wanda yake cikin ɗakin. Mutum ɗaya ne a duniya yake cikin ɗakin nan a wurin Nevzat, kuma na san ko wane ne. Na tsaya da wayar a hannu. Ban taɓa jin muryar Hulusi ba. Ban san ko siririya ce ko mai kauri ba. Kuma na ji a jikina cewa abin da zan yi ba shi da kyau, taɓa mamaci ne. Na ce Allah ka yafe mini, na murza a karo na uku.

"Ɗakin baya."

Na rage murya, na sa haki a ciki. "Kunnuwa."

Shiru. Har na ji ruwa yana dukan jikin jirgi.

"Kunnuwa, kana ji na ko kunnuwan ado ne? Na toshe bututun. Ɗaki a bushe yake. Buɗe mini."

Numfashinsa kawai nake ji. Sai can ya ce, a hankali, da wata ƙaramar murya, "Maimaita."

"Ɗaki a bushe yake. Buɗe, ka tare mini iska."

Wayar ta faɗi ta daki ƙarfe. Muka ji sifana ta zame. Sitiyarin ya fara juyawa da kansa a gabanmu, ƙofar ta buɗe, iska mai zafi da wari ta bugo mu. Nermin Hanım ta fizge jakar daga hannuna ta kutsa ciki. Ni ban iya motsi ba, don Nevzat yana tsaye a bakin ƙofar, hasken tocila a fuskarsa, yana murmushin da ban taɓa gani a wurinsa ba cikin shekara talatin da na san shi. Bai dube ni ba. Bayana yake leƙawa, ta kan kafaɗata, ta dama, ta hagu.

"Ina yake?" ya ce.

Me zan ce?

Sabahat Hanım ta rayu. An fitar da ita a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, ta kwana biyu a asibiti, kuma na ji labarin ta ce in ta sake ganin mai gashin bakin nan sai ta tsige shi gashi ɗaya-ɗaya. Tana da gaskiya.

Na kama hannun Nevzat na fito da shi. Muka zauna a kan benci a gaɓa, iska tana watsa mana ruwan gishiri, mutane sun taru suna kallo. Ya daɗe yana duban jirgin, da gadar da ta karye, da motar asibiti. A hankali na ga ya dawo. Kafaɗunsa suka sauka, ya sake zama tsoho.

"Ferit."

"Na'am, Abi."

"Kai ne a waya."

Na ce, "Ni ne. Ka yafe mini."

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa yana shafa ta. "Ran nan ma ya kira ni a waya. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Kowa yana zaton bugu ya yi ta yi yana roƙo. Bai buga ba ko sau ɗaya. Cewa ya yi, Kunnuwa, ruwa ya kai ƙirjina, kada ka kuskura ka buɗe. Ya faɗa sau uku. A na huɗu ban ji komai ba sai ruwa."



"Shekara arba'in da shida," in ji shi, "ina jiran ya sake kira ya canza magana. Yau na ɗauka ya yi."

Gülten ta iso da gudu, ko ɗankwalinta ba ta ɗaura daidai ba. Ko kallo ban ishe ta ba. Ta ɗaga mahaifinta. Kafin su tafi ya miƙo mini hular. Na ce ya riƙe abinsa, ya ce a'a, ta jirgi ce.

Washegari na je na gaya wa Nermin Hanım komai, tun daga kwaɗon har ƙaryar da na yi mata. Wannan karon ba ta tambaye ni ko na sha shayi ba. Na roƙi abu ɗaya kafin in ajiye tawa hular, ta yarda. Na sauka ɗakin baya na ɗaure ƙofar da sarƙa, na sa sabon kwaɗon nan da ya yi wata uku a aljihuna.

Nevzat Abi bai sake taka jirgin ba. Ya yi wata huɗu a gidan Gülten kafin ya rasu. Sau ɗaya ta bari na shiga, kusa da ƙarshe. Yana zaune a kujera kusa da wayar gidan, hannunsa a kanta. Ta ce haka yake wuni, ba ya yarda a matsar da shi, kuma ko wa ya kira shi ne yake fara ɗauka. Na gaishe shi bai gane ni ba. Ya ɗaga mini hannu in yi shiru, ya ce yana jiran kira.